Mainasara da Gindin Tafkin Inno

Da an idar da sallar asuba a masallacin unguwarsu cikin garin Daura, Malam Mainasara ba ya komawa shimfiɗa. Yakan tsaya wajen mai koko ya sha na safe a tsaye, ya ɗaure wani dogon rodi a gefen tsohon babur ɗinsa, ya kama hanyar Kongolam zuwa filin da ake ajiye katafilolin haƙa. A wannan lokaci raɓa ba ta bushe ba. Motocin suna nan shiru, kowace ta lanƙwasa dogon hannunta ta kafa bokitinta a ƙasa, sai ka ce raƙuma sun durƙusa suna gyangyaɗi. Akwai babbar, wadda in tirela ta ɗauko ta mutane ke fitowa ƙofar gida kallo. Akwai ta tsakiya. Akwai kuma 'yar ƙaramar da ke raɓe a jikin katanga, wadda da kaɗan ta fi amalanken shanu faɗi. Yakan zagaya su ɗaya bayan ɗaya, ya shafa sarƙarsu, ya leƙa ƙarƙashi ko mai ya ɗiga, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar mai duba garke.

Ba ya tayar da ko ɗaya sai ya je ya ga wurin haƙan da idonsa. In mai aiki ya zo da ɗoki ya ce, "Malam, babbar nake so," sai ya yi murmushi ya ce, "To Alhaji, ita babbar a ina za ta tsaya? Faɗa mini zurfin tukuna, sannan mu san wadda za mu tasa." Shekara talatin da wani abu yana wannan tambayar. Bana ya ajiye aiki. Baya ya ƙi, idon dama kuma ya fara hazo.

Ni ce Amatullah, Iya ake ce mini, daga wani ƙauye gabas da Dutsi. Ban yi boko ba, maƙwabciyata Kubura ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na ce kada ta gyara mini baki. Na zo in gode wa wannan bawan Allah a gaban jama'a. Amma akwai wata magana da aka yi a kansa a tsakiyar kasuwar Dutsi, aka ce shi matsoraci ne, babbar mota ta fi ƙarfinsa. Har yau ba a janye ta ba. Ba zan yarda mutumin nan ya koma gida ya zauna da wannan suna a wuyansa ba.

Ku fara jin abin da wasu suka gani, don kada a ce son kai ne na tsohuwa.

Sha'aban magini ya ba ni labarin wani lungu a cikin birni, inda gidajen ƙasa suka matsu har mai ɗauke da tire sai ya karkata. Ana son magudanar ruwa, zurfinta bai wuce ƙugu ba. Masu unguwa suka ce a kawo ta tsakiya a gama da wuri. Mainasara ya dafa katangar wani gida, ya ɗan tsaya, ya ce, "Wannan bangon ya girme mu duka. In ta tsakiya ta yi tari a nan, zai zauna." Ya shigo da ƙaramar, tana tafiya a hankali kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya. Sha'aban ya ce har aka gama ko yaɓe bai ɓalle ba, wata tsohuwa ma tana shanyar kuɓewa a kan katanga ba ta kwashe ba.

Adama mai abinci kuwa, wadda ke dafa wa ma'aikata a Kongolam, ta ga kishiyar haka. Wani ɗan kasuwa zai binne tankin mai, rami mai zurfin mutum uku a tsaye. Ranar babbar tana wani aiki, ƙaramar ce a hannu, mutumin ya matsa a fara da ita. Mainasara ya ce, "Hannunta gajere ne. Kafin ta kai inda kake so sai ta sauka cikin ramin da kanta, ƙasar nan kuma rairayi ce, za ta rufto mana ni da ita. Mu jira yayarta." Aka jira. Da babbar ta iso shi ya hau ta. Adama ta ce ta bar tukunya a wuta tana kallo, ya tsayar da ita nesa da bakin rami, ya miƙa wannan dogon hannu can ƙasa yana ɗebowa kamar mai kwasar tuwo, gefen ramin ya fito sumul. Ku riƙe wannan da kyau. Babbar ce, kuma shi ne a kanta.

Yanzu ga namu.

Tafkin Inno yana arewa da garinmu, a wani kwari da itatuwan kanya suka kewaye. In ka je da sassafe bayan damina, hazo na kwance a kan ruwa kamar an shimfiɗa farin mayafi, furannin bado a buɗe suke fari fat, balbelu na tsaye a gefe ba sa motsi. In rana ta ɗaga furannin su rufe, sai ka rantse mafarki ka yi. A nan muka yi wanka muna yara, a nan muka tsinko 'ya'yan bado muka ci, a nan shanun gari ke sha har ruwan sabuwar shekara ya sauko.

Abin da baƙo bai sani ba, gindin tafkin nan ba ƙasa ba ce kawai, daɓe ne. Wata tsohuwa da ta riga mu da nisa, Inno, ita aka ce ta fara. Duk shekarar da ruwa ya ja baya, kafin hadarin farko, maza su tara shanun gari kaf, mata su yayyafa ruwa, a yi ta kora shanun suna zagayawa a kan baƙar laka har ta daɓu kamar tsakar ɗaki. Kaurin lakar bai fi kamu biyu ba. Ƙarƙashinta farin rairayi ne mai shan ruwa ba ya ƙoshi. Shi ya sa tun muna 'yan mata, wadda aka kama tana ɗibar yumɓu a tsakiyar tafki sai ta sha duka.

Shekarun baya ƙasar gonaki ta gangaro ta cika tafkin, aka ce a yashe shi. Ranar da aka zo duba aikin na fara ganin Mainasara. Ya jingine babur, ya kwance rodinsa, ya naɗe ƙafar wando. Na tare shi a bakin kwari da taɓarya a hannu.

Ya ce, "Iya, ke ce mai tafkin?"

Na ce, "Tafki na Allah ne. Amma in ka ɓata shi, ni za ka gani."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To zo ki nuna mini inda ba a taɓawa."

Wallahi ban taɓa ganin namiji mai mota ya tambayi tsohuwa ba. Na ba shi labarin Inno da shanu, yana saurare kamar ana karanta masa wasiyya. Sannan ya shiga yana soka rodin. Rodin ya nutse cikin taɓo a sauƙaƙe, can sai ya tsaya cak. Ya lumshe ido yana jin abin a tafin hannunsa, ya zaro, ya shinshina bakin ƙarfen, ya matsa gaba ya sake sokawa. Haka ya zagaye tafkin. Da ya fito ya ce, "Taɓon da ya taru bai kai tsayin mutum ba. Ƙaramar za ta yi."

Maza suka fara gunaguni, wai an kawo musu abin wasan yara. Ya ce, "Babbar in ta ciji ƙasa sau ɗaya ta wuce ƙugu. Ba ta iya kankarewa ba, cizo kawai ta sani. Nauyinta kaɗai ma ya isa ya tsaga muku daɓen kakanninku."

Na zauna a gindin kanya ina kallon aikin har ya ƙare. Hannun motar na sauka a hankali, ya ɗauke taɓo, ya juya, ya zubar, ya dawo, kamar zalɓe na kiwo a bakin ruwa. In baƙar laka ta leƙo sai ya ɗaga ya matsa gaba. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ni, in ga kamar Inno ce a tsugune tana share tsakar ɗakinta da tsintsiya. Shekarar ruwa ya kai mu har damina ta zagayo.

Kai ne zalɓe, Mainasara, mai taka ruwa bai gurɓata shi ba. Kai ne ka san inda hannu ke tsayawa.

Sai ga abin da ya kawo ni.

Maƙwabtanmu mutanen Gidan Sharu suka haƙa sabon tafki da babbar mota. Su ƙasarsu jan yumɓu ce har can ƙasa, ko rijiya suka haƙa sai sun sha wuya kafin su ga rairayi. Tafkinsu ya yi zurfi, suka riƙa zuwa kasuwa suna cewa nasu raƙumi ma sai ya nutse, namu kuwa kwanon wanke hannu ne. Wannan magana ta hana mazan garinmu cin tuwo. Wanda ta fi ci wa rai shi ne shugaban ƙungiyar ci gaban gari, mai sayen hatsi yana kaiwa Mai'adua. Ɗana ne na fari. Kun san al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba, sai dai in ce yaron nan, ko mai hatsi.

Suka aika aka kira Mainasara. Aka zauna a ƙofar gidan mai gari, ni ina daga zaure ina ji.

Yaron nan ya ce, "Baba, babbar muke so. A nitsa shi ya ninka na Gidan Sharu."

Mainasara ya ce, "Ɗana, in ruwa kuke so ya ƙaru, mu faɗaɗa shi ta gabas, ƙaramar da ta tsakiya za su yi. Amma ƙasa ba wurin zuwa. Na soka da hannuna, mahaifiyarka ma ta sani."

"Zancen tsofaffi ne. Su can da aka haƙa musu, aljanu ne suka riƙe ruwan?"

"Ƙasarsu daban, taku daban."

Wani daga gefe ya ce, "Ko dai hawanta ne ba ka iya ba, Malam?" Aka kwashe da dariya.

Bai yi fushi ba. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Na iya. Shi ya sa ba zan hau ta a nan ba." Ya ɗaure rodinsa ya tafi.

Ranar kasuwar Dutsi, a rumfar masu hatsi, inda direbobi da dillalai da 'yan kwangila ke shan shayi, yaron nan ya buɗe baki ya ce tsoho ya tsorata, babbar mota ta fi ƙarfinsa, ɗan akuya kaɗai ya iya kiwo. Yana nufin ƙaramar. Maganar ta yi wa mutane daɗi, ta hau mota ta riga Mainasara isa Daura. Aka koma ce masa Mai Ɗan Akuya. Masu babban aiki suka riƙa wuce shi suna neman wani. Mutumin da Adama ta gani da idonta a kan babbar!

Aka kawo wani direba. Ban ga laifinsa ba, an ce masa haƙa, ya haƙa. Ina tsaye sa'ad da bokitin ya sauka. Na farko ya fito da taɓo. Na biyu ya fito baƙi ƙirin, daɓen Inno ke nan. Na uku ya fito fari sol kamar gishiri, rairayi na zuba ta tsakanin haƙoransa. Na yi kururuwa na ce ku tsaya, kun fasa! Ƙarar injin ta haɗiye muryata. Maza na tafi, yaron nan na ɗaga waya yana ɗaukar hoto.

Damina ta zo tafki ya cika maƙil, ya yi kore shar don zurfi. Aka yanka rago, aka gayyato mutanen Gidan Sharu su zo su gani. Ni kuwa kowace safiya sai in je in kafa kara a bakin ruwa. Washegari in tarar da karan a tsaye a kan busasshiyar ƙasa, ruwa ya ja baya kamar wani na zuƙe shi daga ƙasa da tsinke. Kafin a gama kai gero rumbu, Tafkin Inno ya zama rami. Ba bado, ba balbela, sai tsagaggen taɓo da ƙahon wata saniya da ta gangara neman ruwa ta kasa fitowa.

Wa ya ɗauki jarka? Mu. Mazan da suka yi tafi ba wanda ya ɗora ko buta a ka. Mu mata muka riƙa takawa har Gidan Sharu cikin zafin bazara, matansu na zaune a inuwa suna cewa, "Sannunku da zuwa, masu babbar mota. A ɗiba a hankali, kada a fasa mana namu." Jikata mai ciki ta faɗi a hanya da jarka a ka. Allah ya tsare, amma ban manta ba, kuma ba zan manta ba.

Da rani na biyu ya kama na hau motar Daura. Na same shi a filin nan zaune a kan tsohuwar taya, ba aiki, yana goge rodinsa da tsumma.

Ya ce, "A'a, Iya mai taɓarya! Yau wa za a daka?"

Na ce, "Ɗana ya kamata a daka. Ka ji abin da suke ce maka?"

"Na ji. Ai akuya dabbar kirki ce, Iya, ba ta rushe danga sai dai ta bi ta ƙofa."

"Ni ba wasa ya kawo ni ba. Tafki ya mutu."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ajiye tsumman ya ce, "Har rairayi?"

"Har rairayi."

"Akwai sauran baƙar laka a fadamarku?"

"Akwai."

"Shanu fa?"

"Su ma suna nan, sun rame dai."

Ya ce, "To je ki gaya wa mata su tanadi ruwan yayyafi."

Bai tambaya ko mai hatsi ya yi nadama ba. Bai ce sai an zo an ba shi haƙuri ba. Ya zo, bayansa ɗaure da ɗamara saboda ciwo. Ya leƙa ramin ya ce yanzu ya fi hannun ƙaramar zurfi, babbar kuwa ba za ta sake taka wurin ba yana raye. Ya fara da ta tsakiya, ya tsayar da ita a baki, ya mayar da rairayin da aka tara a gefe har ramin ya taso inda yake tun asali. Sannan ya sauko da ƙaramar. Amalanke na kawo laka daga fadama, shi yana shimfiɗa ta da bayan bokiti, kaɗan-kaɗan, yana shafawa kamar mace na yaɓen ɗakin amarya. In ya gama shimfiɗa ɗaya ya sauko ya soka rodi, ya kira ni ya ce, "Iya, taɓa ki ji, haka Inno ta bari?" In na ce da saura, ya koma ya ƙara.

Ranar ƙarshe ya kashe injin ya ce, "Nawa ya ƙare. Sauran ba aikin mota ba ne." Aka koro shanu. Muka yayyafa ruwa, suka shiga suna zagayawa, kofato na nutsewa yana fitowa, tsofaffi na guɗa, wasunmu na kuka ba su san suna yi ba. Shi yana zaune a kan sarƙar motarsa, ya kare ido da hannu yana kallo. Mai hatsi yana can bayan wata kanya, ya harɗe hannu. Bai matso ba.

Bana da ruwa ya sauka na koma kafa karana. Safiya ta farko, karan na cikin ruwa. Ta biyu, yana ciki. Aka yi girbi, aka kai gero rumbu, yana ciki. Wata safiya na je hazo bai tashi ba, na hango wani abu shimfiɗe a kan ruwa kamar faifai. Na ce idona ne. Na tattara zane na shiga har gwiwa, na taɓa. Ganyen bado ne, ɗanye, da ɗigon raɓa a tsakiyarsa. Iri ya biyo lakar fadama ya dawo gida. Na tsaya a nan cikin ruwa ban san iyakar daɗewata ba, ina jin kamar 'yan matan da muka yi wanka tare, waɗanda duk sun riga ni, suna dariya a bayan hazo.

Kai ne ka dawo mana da wannan, Mainasara. Kai ne aka zaga a kasuwa ka rama da laka da haƙuri. Mun gode. Matan garinmu sun gode, wuyanmu ya gode, shanu ma da suna da baki da sun faɗa. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon baya, ya washe maka ido, ya sa ka ga furen nan da kanka. Ku kuma masu hawa motocin nan a bayansa, ku ɗauki rodi kafin ku ɗauki makulli. Ku tambayi zurfi, ku tambayi tsofaffin wuri abin da ke ƙasa, kuma in an ce ku haƙa inda bai kamata ba, ku iya kaɗe riga ku tafi.

Saura magana ɗaya. Ruwa ya dawo, amma sunan mutumin nan bai dawo ba. A Dutsi har jiya na ji wani yana cewa Mai Ɗan Akuya ya yi ritaya. Na yi wa yaron nan magana a ɗaki, ya sunkuyar da kai. Na aika masa kawunsa, ya ce zai duba. Shanunsa kuwa kullum suna shan ruwan tafkin.

Kubura ta ɗaga biro tana kallona, ta san abin da zan yi. Na ce mata rubuta.

Nu'uman. Kai nake kira, da bakin da bai taɓa kiranka ba. Ranar kasuwar Dutsi mai zuwa za ka tsaya a rumfar masu hatsi, inda ka yi maganar, da muryar da ka yi ta, ka ce Malam Mainasara ya iya babbar, ƙin hawa ya yi don ya fi ka sanin abin da ke ƙarƙashin garinku. Zan zo in zauna a gefe da ƙwaryar 'ya'yan bado a cinyata. In ka faɗa, in ba ka ka kai masa Daura da hannunka, in koma ce maka yaron nan har in mutu. In ba ka faɗa ba, zan miƙe in sake kiran sunan nan a tsakiyar kasuwa, kowa ya ji.